Yadda ake rubuta babi na biyu a mastas ko fiyechdi na kwamfuta, tun daga neman maƙalu har fito da giɓi

Ranar da na kai wa supabaizana babi na biyu na farko da na taɓa rubutawa, shafi 38 ne cif, har bayindin na yi masa da roba a bango, ina tafe ina jin kaina. Ya buɗe ya karanta shafi biyu, ya tsallaka tsakiya, ya leƙa ƙarshe, sai ya rufe ya ce min "to kai me ka ce?" Na ce ranka ya daɗe ai ga shi nan duk na kawo abin da masana suka faɗa. Ya ce na ga abin da suka faɗa, kai nake tambaya. Wallahi sai da na yi sati guda ina jin haushin bawan Allahn nan kafin na yarda cewa shi ke da gaskiya, domin abin da na kai masa jerin gwano ne kawai, wane ya yi kaza a 2016, wance ta yi kaza a 2018, su wane sun yi kaza a 2019, kowane sakin layi mutum ɗaya, babu mai kula wani, kaman fasinjojin da ba su san juna ba a cikin motar haya.

Babi na biyu shi ne bitar ayyukan da suka gabata, kuma hujja ce kake ginawa a cikinsa. So kake wanda ya karanta babin ya iso ƙarshe ya ce da bakinsa lallai akwai abin da ya rage ba a yi ba kuma shi ne yaron nan zai yi, wannan abin da ya rage shi ake kira giɓi. Duk matakan da zan kawo wannan suke yi wa hidima. 'Yan'uwa mata ku yi haƙuri, "kai" zan ta cewa don sauƙin rubutu amma da ku nake.

Kafin ka taɓa intanet, rubuta tambayarka

Ɗauki takarda da biro ka rubuta tambayar da bitarka za ta amsa, a jimla ɗaya. "Ƙirƙirarriyar basira a harsunan Afirka" ba tambaya ba ce, teku ce, za ka nutse. Amma "waɗanne hanyoyi aka bi wajen sa kwamfuta ta tantance ra'ayi a rubutun Hausa na soshiyal midiya, ko yabo ne ko suka ko tsaka-tsaki, da wane detaset (tarin bayanan da ake horar da manhaja a kuma gwada ta da su), kuma a ina suka gaza" wannan tambaya ce mai kai da ƙafa. Da wannan misalin zan ta amfani har ƙasa, kai sai ka musanya da naka, ko tsaron netwok kake yi ko injiniyancin manhaja ko sarrafa hotuna.

A nan ne kuma za ka tambayi supabaiza wace irin bita ake so. Akwai bita ta al'ada wadda mafi yawan sassan kwamfuta ke karɓa a babi na biyu, ka zaɓi ayyukan da suka fi muhimmanci ka tattauna su. Akwai kuma bita mai tsauraran ƙa'idoji wadda ake rubuta komai tun kafin a fara, inda za a nema, kalmomin da za a nema da su, sharaɗin ɗauka da na watsarwa, ta yadda wani zai iya maimaita aikin ya samu abin da ka samu. A fannin manhaja jagorar da Barbara Kitchenham ta Jami'ar Keele a Ingila da Stuart Charters suka fitar a 2007 ita ce aka fi bi, sannan akwai PRISMA da ta samo asali daga ɓangaren lafiya, ta fito a 2009 aka sabunta ta da sigar 2020, ita ce mai zanen akwatunan nan da ke nuna maƙalu nawa ka samo, nawa ka tace, nawa suka rage. Shawarata, idan mastas kake kuma ba a ce dole ba, kar ka ɗora wa kanka ta biyun, aikin watanni ne. Amma ka ari ɗabi'arta ɗaya: duk abin da ka nema ka rubuta inda ka nema da ranar da ka nema.

Zotero tukuna, sannan dawunlodin

Wannan gajere ne amma kar ka tsallake shi. Kafin ka sauke ko da maƙala ɗaya, sa Zotero a kwamfutarka, kyauta ne, ka haɗa shi da burauzarka ta yadda danna ɗaya zai kwaso sunan marubuta da shekara da mujalla da fayil ɗin gaba ɗaya. Mendeley ma yana yi, masu rubuta kundi da manhajar LaTeX wasu sun fi son JabRef. Wanda ka ga dama, amma guda ɗaya tun ranar farko. Na san mutanen da suka tara fayil sama da ɗari biyu a folda mai suna "sabo sabo 2" kuma daren da za a kai kundi suna zaune suna buga manazarta da hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zotero yana ba da wurin ajiya na kyauta megabait 300 ne kawai a yanar gizo, saboda haka fayilolin kansu ka riƙa kwafe su a filas ko Google Drive, kwamfuta ba ta sallama in za ta mutu.

Inda ake nema, da yadda ake nema

Kowa Google Scholar ya sani, kuma ba laifi a fara da shi, sai dai shi kaman kasuwar Kurmi yake, akwai na gaske akwai jabu duk a rumfa ɗaya. Ɗan kwamfuta yana da rumbunansa: IEEE Xplore, ACM Digital Library, SpringerLink, ScienceDirect, sai Scopus da Web of Science idan makarantarku tana biya. DBLP da aka faro a Jami'ar Trier ta Jamus ba ya ba ka maƙalar kanta amma babu kamarsa wajen ganin duk abin da wani masani ya wallafa da kuma inda aka wallafa. arXiv kyauta ne tun 1991, a nan sababbin ayyuka ke fara bayyana. Masu aikin harshe kuma kun huta, ACL Anthology kyauta ne kaf. ACM ma a 2022 ta buɗe duk abin da ta wallafa daga 1951 zuwa 2000 ba ko sisi.

Nema da Turanci za ka yi tunda da shi aka rubuta ayyukan. Ka raba tambayarka gida biyu ko uku, kowane gida ka jero kalmomin da ke nufin abu ɗaya, ka haɗa na gida ɗaya da OR, ka haɗa gida da gida da AND, da manyan baƙaƙe. A misalinmu gida ɗaya zai ɗauki "sentiment analysis" OR "opinion mining", ɗayan ya ɗauki Hausa OR "African languages" OR "low-resource". Dalilin haka shi ne masana ba sa kiran abu da suna ɗaya, wanda ya rubuta a 2010 da wanda ya rubuta bara kalmominsu daban ne, in ka tsaya a kalma ɗaya rabin ayyukan za su wuce ka ba ka sani ba.

Dabarar farko da zan ba ka, ka fara neman wanda ya riga ka yin bita. Ƙara kalmar survey ko review a akwatin nema, ka samo guda biyu ko uku na baya-bayan nan, musamman daga mujalla irin ACM Computing Surveys. Ba don ka kwafa ba, don ka ga yadda masu fannin suka rarraba shi da sunayen da ke ta maimaituwa. Ta biyu ita ce bin sawu gaba da baya, wadda Claes Wohlin na ƙasar Suwidin ya tsara ƙa'idojinta a 2014 ga masu binciken manhaja. Ka samu maƙalu biyar zuwa goma da suka dace da kai sosai, ka duba manazartarsu ka ga su wa suka dogara da su, wannan baya kenan, sannan ka danna "Cited by" a Google Scholar ka ga su wa suka dogara da su daga baya, wannan gaba kenan. Sababbin da ka samu su ma ka yi musu haka. Ranar da ka zagaya ka zagayo sunaye ɗaya kake ta gani, toh ka kusa ƙure fagen, ka tsaya.

Batun maƙalar da aka kulle sai an biya kuɗi, kar ka biya da aljihunka. Danna "All versions" a Scholar sau da yawa akwai kwafi a shafin marubucin ko a arXiv, akwai kuma Unpaywall da ake maƙala wa burauza yana nemo halastaccen kwafi na kyauta. Je laburaren makaranta ka tambayi ma'aikatan sashen intanet wane rumbu suke da rajista da shi, ɗalibai da yawa har su gama ba su taɓa tambaya ba. In duk ya ƙi, tura wa marubucin imel cikin ladabi, layi uku ya isa, mafi yawansu murna suke wani ya nemi aikinsu.

Ba duk abin da aka buga ne abin dogaro ba

Ga wani abu da ya bambanta kwamfuta da sauran fannoni kuma har wasu malamai na wasu sassa ba su gane shi ba: a wajenmu manyan tarukan kwanfarens suna da nauyi daidai da mujallu, wani lokacin ma sun fi. Maƙalar da ta kawo tsarin Transformer wanda duk su ChatGPT suka ginu a kai, a taron NeurIPS na 2017 aka gabatar da ita ba a mujalla ba. Kowane reshe da nasa, masu koyon na'ura suna da NeurIPS da ICML, masu hoto CVPR, masu harshe ACL da EMNLP, masu manhaja ICSE, masu netwok SIGCOMM, masu rumbun bayanai SIGMOD da VLDB. Idan babinka babu ko ɗaya daga manyan tarukan reshenka, eksitanal, wato malamin wata jami'a da ake gayyatowa ya duba kundinka, in ya san aikinsa zai gane tun daga manazarta. Don sanin darajar taro duba jerin CORE na Ostireliya mai matakan A* da A da B da C, mujalla kuma duba SCImago mai Q1 zuwa Q4, A* da Q1 su ne na sama.

Sai mujallun cin kuɗi, waɗanda za su turo maka imel suna kiranka farfesa alhali ko furofozal ba ka kare ba, su ce a kwana uku za su buga maka in ka biya. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tara sunayensu kafin ya sauke jerin a farkon 2017. Abin da ke cikin irin waɗannan babu wanda ya tantance shi, kuma nan za ka ga ana da'awar daidaito kashi 99 da ɗigo kaza ba tare da an faɗi yadda aka raba detaset ba. Ka duba ko mujallar tana Scopus ko DOAJ, wato jerin tantantattun mujallun da ake karantawa kyauta, ka duba su wane ne editocinta. Shi ma arXiv ka sani ba a tantance abin da ke cikinsa kamar yadda ake yi a mujalla, saboda haka in ka samu maƙala a can leƙa DBLP ka ga ko an buga ta daga baya a wani taro, in an buga to wancan za ka kafa madogara da shi.

Ana yawan cewa kar ka wuce shekara biyar baya. A fanni mai gudu irin namu maganar tana da hujja, mafi yawan abin da za ka kawo ya zama sabo, amma da tsohuwar zuma ake magani, aikin da ya kafa tushen hanyar da kake bi dole ka ambace shi ko shekararsa talatin.

Karatu hawa uku

Ba za ka iya karanta maƙala ɗari daga bango zuwa bango ba, kuma ba a so ka yi. S. Keshav lokacin yana Jami'ar Waterloo a Kanada ya rubuta 'yar gajeriyar maƙala a 2007 kan karatu hawa uku, ni dai ita ta cece ni. Hawa na farko minti biyar zuwa goma: take, tsakure, gabatarwa, kanun sassa, kammalawa, ka leƙa manazarta. Daga nan ka yanke hukunci, ta shafe ni ko ba ta shafe ni ba. Mafi yawa a nan za ku rabu. Hawa na biyu kamar awa ɗaya, ka karanta da biro a hannu, ka tsaya sosai a kan teburori da zane-zane, ka bar dogayen lissafi tukuna. Hawa na uku shi ne ka zauna kamar kai ne za ka sake yin aikin daga farko, kana tuhumar kowane zato da suka yi, wannan yana cin awanni kuma maƙalu kaɗan ne suka cancance shi, waɗanda aikinka zai tsaya a kansu ko zai yi gogayya da su.

Teburin da shi ne ainihin aikin

In ka manta komai a rubutun nan kar ka manta wannan. Buɗe Excel ko Google Sheets, kowace maƙala da ta tsallake hawa na biyu ta samu layi ɗaya. A sama ka jera: marubuci da shekara, inda aka buga, matsalar da suka tunkara, hanyar da suka bi, detaset da girmansa da inda aka samo shi, ma'aunin da suka auna da shi, sakamako, da me suka kwatanta, ko sun saki kod ɗinsu a GitHub, raunin da suka amsa da bakinsu, sai gida na ƙarshe wanda ya fi duka, raunin da kai ka gani. Ka cike shi da kalmominka a ranar da ka karanta, kar ka kwafo jimlarsu ka liƙa da niyyar za ka gyara daga baya, bayan wata uku ba za ka tuna wanne ne naka wanne ne nasu ba, kuma ta nan satar fasaha ke shigowa ba da niyya ba.

Gidan "raunin da na gani" shi ke ba ɗalibai tsoro, wai ni wa da zan soki farfesan Amurka. Ba zagi aka ce ka yi ba, tambayoyi ne da kowa zai iya yi. Detaset ɗin na yaushe ne? Masu aikin gano kutse a netwok sun san wannan ciwon, har yau ana ganin ayyukan da aka gwada a kan KDD Cup 99, bayanan da aka tara tun ƙarshen shekarun 1990, cike da layuka masu maimaita kansu, abin da ya sa aka fito da NSL-KDD a 2009, daga baya kuma UNSW-NB15 da CICIDS2017 suka zo. Wanda ya ce ya samu kashi 99 a kan na 1999 bai gaya maka komai ba game da harin da ake kaiwa yau. Wane ma'auni suka yi amfani da shi? A ce cikin saƙonni ɗari, 95 lafiyayyu ne biyar ne na damfara, manhajar da ta ce duka lafiyayyu ne ta samu daidaito kashi 95 alhali ba ta kama ɓarawo ko ɗaya ba, shi ya sa ake neman ma'aunin F1 da makamantansa, waɗanda ke duba ko an kama ɓarayin da gaske. Da me suka kwatanta, da hanya mafi ƙarfi ta lokacin ko da wata rarrauna da suka san za su kayar? Sau nawa suka maimaita gwajin? Sannan kar ka taɓa jera sakamakon maƙalu biyu ka ce wannan ta fi waccan alhali ba a kan detaset ɗaya aka gwada su ba, wannan kuskuren ina ganinsa kusan a kowane kundi.

Idan teburin ya kai layi talatin ko arba'in sai ka daina karanta shi a kwance, ka koma karanta shi a tsaye. Bi gidan "hanya" daga sama har ƙasa, za ka ga sun kasu gida uku ko huɗu da kansu. Bi gidan detaset, za ka ga kusan kowa abu ɗaya yake amfani da shi. Waɗannan rukunan su ne kanun babinka. Jane Webster da Richard Watson sun yi wannan bayanin tun 2002 a mujallar MIS Quarterly, cewa bita a kan ra'ayoyi ake gina ta ba a kan sunayen marubuta ba.

Zaman rubutu

Tsarin da ya fi sauƙi kamar mazurari yake, sama faɗi ƙasa tsuke. Gajeriyar gabatarwa da ke faɗin abin da babin ya ƙunsa da yadda ka nemo ayyukan, sai ma'anar muhimman kalmomi, a taƙaice don Allah, ɗan mastas ba ya buƙatar shafi biyar yana bayanin mece ce kwamfuta ko tarihin intanet, sai rukunan da teburinka ya fitar ɗaya bayan ɗaya, sai ayyukan da suka fi kusa da naka a tattauna su da zurfi, sai teburin kwatance wanda taƙaitaccen wancan babban ne, sai giɓi.

A misalinmu na Hausa rukunan za su iya zama haka: hanyoyin da suka dogara da jerin kalmomin yabo da suka, sai na koyon na'ura na gargajiya irin su SVM da Naive Bayes, sai manyan samfuran harshe da suka biyo bayan samfurin BERT da Google ya fitar a 2018. A rukuni na ukun akwai labari mai daɗin bayarwa, kuma irinsa ake so ka bayar. Samfurin mBERT na Google an horar da shi da harsuna 104 amma babu Hausa a ciki, XLM-R ya sa Hausa cikin harsunansa 100, sai masu bincike suka ga harsunan Afirka ba su samu kaso mai yawa a waɗannan ba suka gina nasu, AfriBERTa a 2021 da AfroXLMR a 2022. Ta ɓangaren bayanai kuma NaijaSenti ya fito a 2022 da saƙonnin Twitter da aka yi wa alama da hannu a Hausa da Ibo da Yarbanci da Pidgin, Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka yi, sannan AfriSenti ya faɗaɗa zuwa harsuna 14 har aka yi gasa a kansa a SemEval na 2023. Ka ga yanda kowane aiki yake amsa matsalar da na gabansa ya bari? Haka sakin layinka zai kasance.

Ƙa'idar da nake ba ɗalibai ita ce jimlar farko ta kowane sakin layi taka ce, ba a fara ta da sunan kowa. Ka faɗi batu, sannan ka kira shaidu. Maimakon "Wane ya yi amfani da kaza ya samu kaza. Wance ta yi amfani da kaza ta samu kaza", sai ka ce hanyoyin da suka dogara da jerin kalmomi suna da sauƙin ginawa amma suna tuntuɓe idan marubuci ya cakuɗa harshe biyu, wane da wance duk sun ci karo da haka, su wane sun yi ƙoƙarin magance shi ta hanya kaza sai dai a kan saƙonni kaɗan suka gwada. Maƙala uku a jimla ɗaya, kuma muryarka ce ke jan ragama. Inda masana suka saɓa wa juna kar ka ɓoye, nan ne naman yake, ka faɗi dalilin da kake ganin ya sa suka saɓa, ko bambancin detaset ne ko na ma'auni.

Giɓi

Giɓi ba a ƙirƙiro shi daren difens, a tebur ake ganinsa, gidan da ya zauna fayau ko gidan da kowa ya rubuta abu ɗaya. A ce teburinka ya nuna kusan duk ayyukan a kan saƙonnin Twitter aka yi su, toh tambaya ta taso, shin abin da aka horar da gajerun saƙonni zai yi aiki a dogayen sharhunan Facebook? In ya nuna bayanan daga masu rubutu a Najeriya suka fi fitowa inda ake cakuɗa Hausa da Turanci, ya zai kasance da Hausar Maraɗi da Damagaram inda Faransanci ke shigowa? Ya batun wanda ke rubuta ƙ da ɗ da ɓ da wanda ba ya sa musu ƙugiya? Kowanne cikin waɗannan sai ka koma ka nema musamman ka tabbatar ba a yi ba kafin ka kira shi giɓi.

Kuma ka kiyayi "babu wanda ya taɓa yin wannan". Eksitanal zai ciro wayarsa a gabanka ya nemo wanda ya yi. Ka ce a cikin ayyukan da wannan bita ta duba ba a samu wanda ya gwada kaza a yanayi kaza ba. Haka nan "ba a taɓa yi a garinmu ba" shi kaɗai ba giɓi ba ne a kimiyyar kwamfuta, sai ka nuna abin da ya sa yanayin garin naku zai canza sakamako. Daga giɓin nan manufofin bincikenka na babi na ɗaya za su fito, in ka ga ba su haɗu ba to ɗaya daga cikinsu ne zai canza, yawanci babi na ɗayan.

Madogara, Turnitin da su ChatGPT

Tambayi sashenku salon rubuta madogara da suke bi, wasu IEEE mai lambobi, wasu APA bugu na 7, ka saita shi a Zotero shikenan, ko a Word kake ko a Overleaf na masu LaTeX. Amma ka bi manazartar da ido ɗaya bayan ɗaya domin abin da Scholar ke bayarwa sau da yawa babu lambar shafi ko sunan taron ya gutsure. Kar ka kafa madogara da abin da ba ka buɗe ba don kawai ka gan shi a babin wani, kuskurensa za ka gada.

Turnitin, manhajar da makarantu ke binciken satar fasaha da ita, kamanceceniya take aunawa, kowace makaranta da kason da ta yarda da shi. Masu canza kalma ɗaya-ɗaya da manhajar juya jimla su sani malami yana ganewa, domin sunayen da fanni ya san su da su ma juyawa take yi su koma abin dariya. Hanya ita ce ka rufe maƙalar, ka kalli layinta a teburinka, ka rubuta daga nan.

Su ChatGPT kuma, suna taimakawa wajen fahimtar lissafin da ya shige maka duhu ko gyaran Turanci idan dokar makarantarku ta yarda, amma kar ka ce su ba ka manazarta ka kwafa. Suna iya ƙago maƙala da sunan masani na gaske da mujalla ta gaske da shekara, alhali babu ita a duniya. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙago musu. Duk maƙalar da za ta shiga kundinka ka nemo ta a DBLP ko ka buɗe lambarta ta DOI, wato lambar shaidar da ke kai ka shafin maƙalar, ka gan ta da idonka.

Abu na ƙarshe, babin nan ba ya rufuwa ranar da supabaiza ya sa hannu. Tsakanin furofozal da difens na ƙarshe ana iya shekara ɗaya ko biyu, in yajin aiki ya gitta ma fiye, kuma a fanninmu wannan ya isa wani ya cike giɓin da ka dogara da shi. Saita alat a Google Scholar da kalmomin nemanka da kuma manyan maƙalu uku da suka fi kusa da aikinka, duk wanda ya ambace su za a turo maka imel. Sati biyu kafin ka kai kundi bayindin ka sake gudanar da neman nan da ka rubuta ranarsa tun farko, abin da ya fito sabo ka ƙara masa layi a tebur, in ya taɓa giɓinka ka gyara sakin layin ka nuna inda naka ya bambanta da nasu.